Babi na Bakwai: Inuwar Rimi, Daga Kurmin Okomu Zuwa Dogon Daji

A ƙasarmu ta Tambuwal da Kebbe, idan aka ce wane ya tafi Kurmi, ba a buƙatar ƙarin bayani. Ya yi kudu ke nan neman abin rufin asiri. Wani fataucin goro ya kai shi, wani albasa ko shanu, wani kuwa cin rani ne bayan amfanin gona ya shiga rumbu. Tun muna yara muka san Kurmi da goro da manja, da kuɗin da ake aikowa a yi hidimar salla. Abin da ba mu cika tambaya ba shi ne, mene ne kurmin kansa? Domin asalin kalmar ba sunan gari ba ne. Kurmi daji ne mai duhu, inda itatuwa suka haɗa kai har rana ba ta samun hanyar sauka ƙasa. Sunan dajin ne ya bi ƙasar kudu duka.

Kawuna ya fi shekara talatin yana hawa da sauka a kan wannan hanya da huhun goro. Wata rana na tambaye shi, "Kawu, duk zuwanku Kurmi, kun taɓa shiga cikin kurmin kuwa?" Ya yi shiru, sannan ya ce shi kasuwa da tasha da masallaci ya sani, dajin kam sai dai hange ta tagar mota. Wannan magana ce ta sa, da rani ya kama a wata shekara, na roƙe shi ya raka ni gandun daji na ƙasa da ke Okomu a Jihar Edo. Gani ya kori ji.

Hanya ita ma makaranta ce

Wanda ya tashi daga Tambuwal ya nufi kudu, idan ya bar idonsa a buɗe, zai karanta ƙasar nan kamar yadda ake karanta allo. Daga gida zuwa Jega sabara ce da kalgo da geza, sai gawo da kuka jefi-jefi a tsakiyar gonaki. Da an wuce Koko aka doshi Yawuri da Kwantagora, sai kaɗanya da ɗorawa su fara yawa, ciyawa ta ƙara tsayi. A Jebba ake ƙetare kogin Kwara. Bayan Ilori kuma sai kwakwar manja ta fara leƙowa, iska ta yi nauyi, leɓen da hunturu ya fasa ya fara laushi ba tare da an shafa masa man kaɗe ba. Kafin a isa Benin, kore ya rufe ko'ina.

Sirrin wannan canji ruwan sama ne. A wajenmu damina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 600 zuwa 800. A Okomu abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 1,500, wani lokaci ya kai 2,500, kuma daminar ta fi rabin shekara. Itacen da ba ya tsoron rani ba ya buƙatar ƙaya, ba ya buƙatar ƙanƙance ganyensa kamar na bagaruwa. Aikinsa ɗaya ne: ya miƙe sama ya riga maƙwabcinsa kaiwa ga hasken rana.

Gandun Okomu yana ƙaramar hukumar Ovia ta Kudu maso Yamma, kimanin kilomita 60 daga Benin, ofishinsa kuma yana garin Udo. Faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 200 da 'yan kai ba, shi ne mafi ƙanƙanta cikin gandayen daji bakwai da hukumar gandun daji ta ƙasa ta daɗe tana riƙe da su. Tun zamanin Turawa aka keɓe dajin, a shekarun 1980 aka ware tsakiyarsa ta zama mafakar namun daji, sannan a 1999 ya zama gandun ƙasa, shekara ɗaya da gandun Kamuku na Birnin Gwari. Kewaye da shi gonakin kwakwar manja ne da na roba da ƙauyuka. Shi ɗan abin da ya rage ne daga wani kurmi da a da ya mamaye kudu maso yammacin Najeriya.

Cikin duhun rana tsaka

Ba a shiga gandun ƙasa kai tsaye kamar yadda ake shiga gonar gado. Sai an yi rajista, an biya kuɗin shiga, an haɗa baƙo da ma'aikacin gandu mai kaki wanda ya san hanya. Tun a bakin daji namu ya karanta mana doka: ba farauta, ba saran itace, ba kunna wuta, ba barin leda, kuma kada kowa ya kauce wa turbar da ya bi.

Taku kaɗan muka yi sai rana ta ɓace. Agogo ya nuna sha ɗaya na safe, amma hasken kamar na bayan la'asar sakaliya. Masana sun auna cewa a irin wannan daji, abin da ke isa ƙasa daga hasken rana bai fi kashi 2 cikin 100 ba. Sauran duk ganyaye sun tare shi a sama. Shi ya sa ƙasan kurmi ba ta da ciyawa mai yawa kamar yadda na zata. Ganye ne ruɓaɓɓe, da laima, da wani ƙanshi irin na ƙasar da ruwan farko ya daka, sai dai shi wannan ba ya gushewa.

Kurmi hawa-hawa ne kamar bene. A ƙasa akwai ƙananan tsirrai masu haƙuri da inuwa. A bisansu matsakaitan itatuwa. Sannan rufin dajin, inda rassa suka sarƙe da juna, igiyoyin daji masu kaurin damtse suna reto a tsakaninsu. Can sama kuma wasu ƙattin itatuwa sun huda rufin sun fice, kamar hasumiya a tsakiyar gari. Yawancin rayuwar dajin a sama take. Mun ji kukan birai da ƙarar fukafukan manyan cilakowa tun kafin mu ga ko ɗaya. Ma'aikacin ya nuna mana wani biri mai farin maƙogwaro yana tsallaka reshe, ya ce saboda irinsa ne masana ke zuwa daga ƙasashen waje, domin a duniya ba a samunsa sai a wannan yanki na Najeriya da Jamhuriyar Benin da Togo. Akwai aku, akwai ɓauna, akwai giwar kurmi wadda ta fi ta sarari ƙanƙanta. Ita giwar ba mu gan ta ba, sai sawunta a cikin taɓo. Malam-buɗe-littafi kuwa launi-launi, ba su ƙirguwa. Sau biyu aka tsayar da mu muka tsallake jerin kwarkwasa da ta yanke hanya.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne haɗuwa da dangi a baƙon wuri. Ma'aikacin ya dafa wani dogon itace ya ce wannan shi ne katakon da ake rububi a kasuwannin duniya. Na dubi ɓawonsa da ganyensa sai na ga ɗan'uwan maɗacinmu ne, wanda iyayenmu ke jiƙa ɓawonsa don ciwon ciki. Ga loko, wanda kafintocin Sakkwato ke yin ƙofa da shi. Sai kuma muka iso gindin wani itace mai saiwoyi kamar bangaye, kowace saiwa ta fi mutum tsayi. Kawu ya ɗaga kai har hularsa ta kusa faɗuwa, ya ce, "Ikon Allah! Yaro, ai wanga rimi ne. Amma ya hi na gida nesa ba kusa ba."

Rimi ne kuwa, irin wanda muke cusa audugarsa a matashin kai. A jikinsa aka kafa matakala da wani ɗan dandamali a tsayin kimanin ƙafa 140, don baƙi su hau su ga dajin daga sama. Na hau ina addu'a, gwiwa tana rawa. Da na isa sai na ga kore shimfiɗe har iyakar ganina, yana motsi a hankali kamar gulbi a cike. A nan na fahimci abin da ya sa kakanninmu suka kira ƙasar duka da sunan dajinta.

Guzuri a gindin itace

Da azahar muka dawo wani fili da aka share kusa da masaukin baƙi na Arakhuan, inda masu ziyara ke zama su huta su ci abin da suka zo da shi. Muka yi alwala, muka yi salla, muka shimfiɗa darduma muka kwance guzuri: kilishi, ƙuli-ƙuli, dabino da gorar ruwa. Kawu ya fasa goro ya miƙa wa ma'aikacin ɓari ɗaya. Goron ya dawo gida ke nan, domin shi ma ɗan kurmi ne, a inuwa da laima yake girma.

Ba mu kaɗai ba ne a wurin. Wata motar makaranta ta kawo ɗalibai da malamansu biyu, kowane yaro da littafin rubutu da ƙunshin abincinsa. Na zauna ina kallonsu. Malaminsu yana nuna itace, suna rubuta sunansa. Suka ci abinci, suka yi wasa, da za su tashi suka tsince ledojinsu kaf suka zuba a buhu. Babu wanda ke waige-waige. Babu wanda ya ce a yi sauri kafin yamma ta yi. Yara ne a cikin daji, hankalinsu kwance.

A nan ne zuciyata ta koma gida. Na tambayi kaina: yau ina malamin firamare a Kebbe ko Kuchi ko Sanyinna zai kwashi 'yan ajinsa ya kai su su yini a gindin itace, su koyi bambancin kirya da marke, su dawo lafiya? Na faɗa wa Kawu abin da ke raina. Ya daɗe yana tauna goro, sannan ya ce lokacin ƙuruciyarsu ba a kai yaro daji, dajin ne ke zuwa har bakin gari.

Ma'aikacin bai ɓoye mana cewa su ma suna da nasu yaƙin ba. Ɓarayin katako na shiga da injin yanka, mafarauta na ɗana tarko, manoma na matsowa. Ya kuma bayyana mana wani abu da ya kamata kowane manomi ya sani. Ƙasar kurmi ba ta da ƙarfin da ake zato. Arzikinta yana jikin itatuwan ne: ganye ya faɗo, zafi da laima su ruɓar da shi da sauri, saiwa ta tsotse nan take. Idan aka sare dajin, damina kaɗan sun isa su wanke ƙasar. Wato abin da ya tsare wannan inuwa da muke zaune a cikinta ba yawan ruwan sama ba ne kaɗai. Iyaka ce da aka shata, da doka, da mutum mai albashi da ke kwana yana gadi.

Ina dajin Dogon Daji?

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Tambuwal zai ratsa garin Dogon Daji. Sunan kansa shaida ne. Ba a raɗa wa wuri irin wannan suna a fili fetal. Dattawanmu suna ba da labarin lokacin da kura ke kuka a bayan gari, matafiyi ba ya ratsa wasu wurare sai cikin ayari. A gefen Kebbe, inda Gulbin Zamfara ke bi daga Gummi ya nufi Jega, fadamu suna da nasu ƙananan kurame na kanya da ɗinya da ɓaure da giginya, inda makiyayi ke hutawa, mata ke tsintar 'ya'yan itace.

Ba dare ɗaya aka rasa su ba. Jama'a ta ƙaru, gona ta ci daji. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe itatuwa masu yawa. Birane suka buɗe baki suna neman itacen girki da gawayi, kuma kowa ya ga motocin da ke fita da lodi. Kirya, wadda maƙera ke so saboda ƙarfin gawayinta, ta zama abin nema. A zamanin En'e an keɓe gandaye a ƙasar Sakkwato, an kuma naɗa malaman daji. Mutum bai isa ya sare ɗanyen itace ba sai da izini. Sannu a hankali wannan tsari ya yi rauni, iyakoki suka shafe.

Sai kuma babbar musiba ta zo. Kalmar daji, wadda a da ke tuna mana zuma da farauta da kiwo, yau tsoro take sa wa. Idan aka ce mutanen daji, kowa ya san ba mafarauta ake nufi ba. Ƙauyukan Kebbe da maƙwabtansu na Zamfara sun ɗanɗani wannan ɗaci. Gandun Kamuku da na Tafkin Kainji, waɗanda su ne gandayen ƙasa mafi kusa da mu, su ma matsalar tsaro ta rage masu baƙi ƙwarai. Wasu har suna cewa a sare dazuzzukan a huta. Wannan kuskure ne babba. Ba itace ne ya kawo ɓarawo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dajin da babu malamin daji, babu hanya, babu mai ziyara, babu idon hukuma, shi ne ke zama gidan mugu. Dajin da mutanen kirki ke shiga kullum, su san kowace turba tasa, yana da wuyar zama maɓoya.

A ƙarshen 2020 gwamnatin tarayya ta amince a ƙara sababbin gandayen ƙasa guda 10. A cikinsu akwai Falgore a Kano, Kogo a Katsina da dausayin Haɗejiya a Jigawa. Babu ko ɗaya a Jihar Sakkwato, alhali tana cikin jihohi 11 da aka lissafa a matsayin na bakin hamada a shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007.

Akwai ma wata igiya da ta ɗaure mu da Okomu. Iskar damina daga tekun Atilantika take tasowa, ta bi ta kan dazuzzukan kudu kafin ta iso mu. Itatuwa suna zuƙo ruwa daga ƙasa su fitar da shi ta ganye, iska ta ɗauka ta yi gaba da shi. Don haka wani kaso na hadarin da manomin gero ke jira a Jabo ya bi ta kan ganyen kurmi. Saran daji a kudu ba asarar mutanen kudu ba ce kaɗai.

Abin da muke da shi tun asali

Ba za mu iya yin Okomu a Tambuwal ba, ruwanmu bai kai ba. Amma keɓe wuri don amfanin jama'a ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Amurka tana alfahari da gandun Yellowstone na 1872 a matsayin gandun ƙasa na farko a duniya. Ƙarnuka kafin nan, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza. Wannan shi ne hima a fiƙihu. Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa, kuma garuruwanmu sun san hurumi da makiyaya da burtali. Garin Tambuwal, wanda zuriyar Muhammadu Buhari ɗan Shehu ke riƙe da sarautarsa, bai kamata ya jira wani ya koya masa wannan ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Hanyar dawo da itatuwa ma tana kusa. A yankin Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka fara abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon su ƙone tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, sai su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su bari, su yanke sauran. Da yake saiwar tana da rai a ƙarƙashin ƙasa, itacen yakan girma da sauri fiye da dashe, ba ya kuma buƙatar ban ruwa. An ƙiyasta cewa da wannan dabara Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Mafi yawa a gonaki ne, kuma gawo na cikin waɗanda suka fi amfani, domin yana zubar da ganye da damina, ya bar wa gero rana, ya ba shi taki. Maraɗi ba ta fi Kebbe ruwan sama ba. Abin da Bahaushen can ya yi da adda, na nan ma zai iya.

Saboda haka ga abin da nake roƙo, kuma bai fi ƙarfinmu ba. Kowace gunduma a Tambuwal da Kebbe ta fitar da hurumi guda kusa da gari, inda ido ke kaiwa, ko da kadada goma ce. Hakimi da dagaci da limami da ardo su tsaya a shata iyakarsa a gaban jama'a, ƙaramar hukuma ta rubuta. A bar tohonsa ya tashi, a ƙara da tsamiya da kuka da kanya da maɗaci da rimi. A ɗauki matasan garin aikin gadi, a biya su a kan lokaci. A haƙa rijiya, a yi wurin salla, a ajiye kututture na zama. A rubuta sunan kowane itace da Hausa a jikinsa. Makarantun boko da na allo su riƙa kai yara, iyali su je da yammacin Juma'a ko ranar yawon salla da furarsu da tabarmarsu. Mata su tsinci tsamiya da ganyen kuka bisa ƙa'ida, masu magani su ɗebi ɓawo ba tare da kashe itace ba. Wurin da jama'a ke cin moriyarsa, jama'a ce za ta tsare shi.

Da muka dawo daga Okomu, Kawu ya sauka a Kebbe da wani abu ƙunshe a hularsa. 'Ya'yan rimi ne ya saya a hannun wata mata a wajen gandun, domin doka ta hana ɗaukar komai daga ciki. Ya shuka su a bayan gida, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Biyu sun tsira, yanzu sun fi katangar gidan tsayi. Ya san ba lalle ne ya zauna a cikakkiyar inuwarsu ba, ya kuma san addini ya sanar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga itacen da Musulmi ya dasa, sadaka ce a gare shi.

Mun daɗe muna zama kamar inuwar giginya, na nesa ka sha: ƙarfinmu a Kurmi, gawayinmu a birni, gida kuma rana. Mai karatu, idan kana da gona, ka bar toho uku a sassaben bana. Idan kana da faɗa a ji a garinku, ka ɗauki maganar hurumi ka kai fadar hakimi. 'Ya'yanmu suna da haƙƙin su zauna a gindin itace a ƙasar haihuwarsu, su ci guzurinsu cikin aminci, ba sai sun yi tafiyar kwana biyu ba.